Hasken Gamma, Roba da Katakon Jirgin Ruwa



Roba sarƙa ce ta ƙananan ƙwayoyi. Idan aka haska ruwan sinadarinta da hasken gamma na kobal-60, irin na cibiyar Sheda kusa da Abuja, ƙwayoyin kan tsage, kowace ta kama 'yar'uwarta, har ruwan ya daskare ba da wuta ba.

Abin lura shi ne, daskararren abin da aka zuba cikin ruwan ba ɗan kallo ba ne. Garin silika yakan sha hasken, ya miƙa ƙarfinsa ga ƙwayoyin, aiki ya yi sauri. Kunkunniya kuwa kame tsagaggun ƙwayoyin take yi, sarƙa ta tsaya.

Katako ma haka. Tun shekarun 1960 aka fara ɗura masa wannan ruwa a Amurka, a haska shi, ya ƙara tauri, ya rage shan ruwa. Amma sinadarin lignin da ke cikinsa yakan jinkirta aikin.

Jirgin da ya karye kusa da Wara, ƙasar Ngaski, a 2021, ya nuna cewa rayuka bisa katako suke tafiya a tafkin Kainji. Saboda haka, kafin a kai wa masassaƙan Yauri da Shanga wannan dabara, wajibi ne a gwada kowane irin itace dabam.