Yaƙi da jahilci: yadda ake ɗora keke bisa tirela da amalanke

  Kai ɗan uwa da wannan takarda ta shiga hannunka, karanta a hankali, in ka gama ka karanta wa wanda bai iya ba tukuna. Darasinmu na yau a kan keke yake. Ba hawansa za mu koya ba. Za mu koyi yadda ake ɗora shi bisa abin da ake ja, wato tirela da amalanke, ya isa gida lafiya, bai lalace ba, bai kuma cuci kowa ba.

A ƙasar Magarya da ta Dungas keke dukiya ce. Da shi ake kai hatsi niƙa, da shi yaro yake zuwa makaranta, da shi ake rugawa kiran ungozoma cikin dare. Mutum yakan sayar da gyaɗa ko riɗi na damina guda kafin ya mallaki ɗaya. Sau da yawa kuma daga nesa ake sayo shi: daga Damagaram, ko daga ƙetaren iyaka, wajen Kano da Daura da Maigatari, inda kasuwa take ci ran Alhamis. Daga Damagaram zuwa Magarya wajen kilomita 90 ne, a kan hanyar ƙasa mai lamba 11, ta Dogo da Bande, har ta kai Tinkim bakin iyaka. Mai kaya ba ya tuƙa sabon keke duk wannan tafiya. Ɗora shi ake yi. Daga bakin kwalta kuma, zuwa ƙauyukan Waca ko Guci ko Dogo-Dogo, sau da yawa amalanke ce take ƙarasawa da shi.

Ga maganar da nake so ka riƙe. Keke ba shi da nauyi, kilo 20 ne ko ƙasa da haka. Abin da yake kawo ɓarna shi ne wurin da aka ajiye shi. Wurare uku ne ba a sa keke a jikin tirela: tsakanin kai da bodi, da can ƙarshen wutsiya, da can ƙololuwar kaya. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Da fari, ka dubi yadda tirela take. Gida biyu ce. Akwai kai, mai inji da ɗakin direba. Akwai bodi, mai ɗaukar kaya, wanda ba shi da taya ta gaba. A bayan kai akwai wani faifan ƙarfe babba, mai tsaga, da aka shafe da man giris. A ƙarƙashin gaban bodi akwai turken ƙarfe gajere, kaurinsa wajen santimita 5. Turken yana shiga tsagar, a kulle shi, bodi ya zauna bisa faifan yana juyawa. Turawa suna kiran wannan faifai ƙafa ta biyar. Sunan ya samo asali tun zamanin keken doki mai ƙafa huɗu, wanda ake sa masa wata da'ira a kwance bisa ƙafafun gaba don ya iya shan kwana. A Amurka har ɗakin kwana mai tayoyi ake ja da wannan faifai, a kafa shi cikin bodin akori-kura, iyali su tafi hutu da kekunansu. Damuwarsu a can ita ce tamu a nan: ina za a sa keken?

Wuri na ɗaya, tsakanin kai da bodi. In mota tana tsaye miƙe, za ka ga fili a nan, har ka ce an yi shi don keke. Ba haka ba ne. An bar filin don kwana. Da direba ya karya sitiyari, kusurwar bodi sai ta kewayo ta share wurin nan kakaf, kamar ƙyaure yana rufuwa. Keken da ke wurin zai lanƙwashe kamar kara. Akwai abin da ya fi wannan muni. A nan ne robobin iska suke ratsawa daga kai zuwa bodi, tare da wayar wuta. Iskar nan ita ce birkin tirela. In feda ta sarƙe roba ta tsinka ta, ko dai birkin bodi ya kama farat ɗaya a tsakiyar hanya, ko kuwa direba ya taka birki bodi bai amsa ba. Ka ga keke ɗaya ya jawo wa mota mai tan 30 haɗari. Ko yaron mota ya ce maka babu komai, kada ka yarda.

Wuri na biyu, wutsiya. Mutane suna son rataye keke a ƙofar baya, don sauke shi ba wuya. Amma duk wanda ya taɓa zama a kujerar ƙarshe ta babbar mota a hanyar burji ya san yadda take wujijjiga mutum. Abin da yake bisa tayoyi yana tashi kaɗan. Abin da ya zarce tayoyi can baya yana tashi da yawa, ya faɗo da ƙarfi. Kowane rami, kowace gargada, sai igiya ta sha fizga, har ta saki ko ƙugiya ta karye. Direba kuwa ba ya ganin wutsiya a madubi. Keke ya faɗi, shi bai sani ba. Wanda zai sani shi ne mai babur da ke biye, cikin ƙura, ko cikin duhu. Ban da haka, keken da ke baya yakan rufe jar fitila da lambar mota, jandarma kuwa ba za su ƙyale wannan ba.

Wuri na uku, ƙololuwar kaya. A shekarar 2005 ƙasashe takwas masu kuɗin sefa na Afirka ta Yamma, har da Nijar, suka yi doka guda a kan manyan motoci. Dokar ta sa tsayin mota da kayanta mita 4, faɗinta mita 2 da santimita 55. Keke a tsaye ya kai mita 1. In an tsayar da shi bisa buhunan da suka riga suka cika bodi, ya wuce ƙa'ida. Reshen gawo yana jiransa, wayar lantarki ta cikin gari tana jiransa. Iska kuma tana bugunsa tun daga tasha har masauki.

To, ina ne wurinsa? Cikin bodi, daga tsakiya, jingine da bango, ƙasa-ƙasa yadda bai leƙo sama ba. In bodi ya cika, a kwantar da shi bisa buhuna masu laushi, a tsakiyar kaya, a ɗaure, a ja tamfol a rufe.

Kafin a ɗora, ka gyara shi. Aiki ne na minti goma. Na ɗaya, ka cire fitila da famfo da ƙararrawa, ka sa a jakarka. Na biyu, ka sassauta kan keken ka juya shi ya miƙe da jiki, don ya rage faɗi. Na uku, ka kwance feda, ko ka naɗe ta da tsumma, gama ita ce take huda buhun mutane, ita ce take karya wayoyin tayar wani keke. Na huɗu, in za a kwantar, gefen sarƙa ya dubi sama. Na biyar, in kekuna biyu ne ko uku, a juya su, kan wannan wajen sirdin wancan, a sa kwali ko tsohuwar tabarma tsakani. Kada a aza buhu ko jarka bisa taya. Tayar keke tana da ƙarfi in tana tsaye, amma in an danne ta a kwance sai ta karkace, mai gyara kuwa ba kullum yake iya miƙe ta ba.

Sai ɗauri. A ɗaure a wuri uku: wuyan keke, da ƙarƙashin sirdi, da tayar baya. Jikin ƙarfe ake kamawa. Ba a ɗaure wayoyin taya, ba a ɗaure wayar birki. Robar tsohon tif tana da amfani, tana hana motsi da ƙara, amma rana tana cin ta, tana tsinkewa ba sallama. Saboda haka roba ta riƙe, igiya mai ƙwari ta tsare. Inda igiya ta bi ta bakin ƙarfe mai kaifi, a sa tsumma. In an gama, kama keken ka girgiza da ƙarfinka. In ya motsa shi kaɗai, ɗaurin bai yi ba. In ka ji kamar motar kake girgizawa, ya yi.

Wani zai ce wannan duk wahala ce a kan abu mara nauyi. Mu yi lissafi. Motar da take gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 kafin ka ce ɗaya. In ta ci karo ta tsaya nan take, keken da ba a ɗaure ba shi bai tsaya ba. Zai ci gaba da wannan gudu, ya bugi abin da ke gabansa kamar ya faɗa rijiya mai zurfin mita 14. Abin da ke gabansa kuwa sau da yawa mutum ne, zaune bisa kaya. Rigakafi ya fi magani.

Yanzu mu koma ga amalanke, wadda ita ce tirelar talaka. Ita ma ja ake yi, ita ma gabanta bisa wani take zaune: wuyan shanu ko bayan jaki. Tayoyinta biyu ne, saboda haka kamar sikeli take. Abin da ka sa gaban tayoyi yana danne dabba. Abin da ka sa bayan tayoyi yana ɗaga ta. A ce daga tayoyi zuwa karkiya mita 3 ne, ka rataye keke mai kilo 20 a baya, mita 1 da rabi daga tayoyi. Ka rage wa karkiya kilo 10. In kekuna uku ne, kilo 30. A hawan tudu, kaya suka ɗan zame baya, sai karkiya ta tashi ta shaƙe shanu, jaki kuwa har ƙafafunsa sukan bar ƙasa. Don haka keke ya kwanta daidai bisa tayoyi, a kan buhuna. Kada kansa ya leƙo gefe ya shiga taya ko ya kama ƙaya. Kada ya matso gaba inda zai soki cinyar sa lokacin kwana, gama san da aka soka ba ya tsayawa tambaya. Kada a ɗaura keke a baya ana jansa bisa tayoyinsa cikin rairayi, zai faɗi a yi ta jan shi a ƙasa. In dare zai yi muku a bakin kwalta, a riƙe tocila, a ɗaura wani abu mai ƙyalli a baya.

Ɗauri ba ya zama yadda aka bar shi. Buhu yana lotsawa, igiya tana saki. In kun taso daga Damagaram, a tsayawar farko ka sauka ka taɓa igiya. Ka sake dubawa duk inda aka bar kwalta aka shiga burji. Ka yi wa direba magana da ladabi tun a tasha, ka ce: “Maigida, don Allah a sa mini shi a ciki, ko da ƙarin kuɗi.” Direban kirki ya fi ka sanin haɗarin, ba zai ƙi ba. Ƙarin da za ka biya bai kai kuɗin taya ɗaya ba.

A nan ne karatunka zai yi maka rana. Kowane keke na kamfani yana da lamba da aka buga a jikin ƙarfensa, galibi a ƙarƙashin inda feda take juyawa, ko kusa da sirdi. Nemo ta ka rubuta a littafinka. Rubuta lambar motar, da sunan tashar, da ranar. Rubuta sunanka da na garinku a ɗan kwali, ka ɗaura a wuyan keken. Takardar saye kuma ta zauna a aljihunka, don ranar da ma'aikatan duwan za su tambaya. Kekuna masu kama ɗaya suna da yawa. In gardama ta tashi wajen sauke kaya, wanda ya rubuta shi ne mai shaida.

Ga aikin wannan mako. Malamai su rubuta a allo, ɗalibai su kwafa: “Keke a ciki, a ƙasa, a ɗaure.” Sa'an nan lissafi: kekuna 4, kowane kilo 18, kilo nawa ke nan? Na ƙarshe, kowane ɗalibi mai keke ya zo da lambar kekensa a rubuce da hannunsa.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.