Ɗiyar da ba ta bin garke: jawabi ga makiyaya da ƴan kasuwar bisashe



Shugabanninmu arɗo-arɗo, dattawa, iyayenmu mata, dillalai da fataken bisashe, ƴan uwa makiyaya, muna gaishe ku da zuwa, muna gaishe ku da gajiyar hanya.

Kun saba in muka miƙe gaban taro zancen burtali ne, ko na rijiya, ko na tarar da aka ci wani bisa ɓarnar gona. Yau ku yi muna haƙuri, zancen cikin gida muka kawo. Mun daɗe muna jin nauyinsa, don kun san kunyarmu, mutum ba ya ambatar ɗansa gaban jama'a. Amma mun lura shirun nan ba mu maza yake ci ba, mata da ƙananan yara yake ci.

A gidanmu akwai yarinya, shekarunta shida. Ba ta zama da kanta, ba ta tsayuwa, ba ta riƙe ludayi. An haife ta da damina, muna arewa da fadamar Tarka. Uwarta ta kwana biyu tana naƙuda, muna cewa a ƙara haƙuri, ai ba haihuwar fari ba ce. Da aka samu babur aka kai ta likita, aiki ya riga ya yi nisa. Yarinya ta fito ba ta yi kuka ba sai da aka daɗe ana fama da ita. Ran suna muka yanka rago, muka nuna mata karsanarta yadda aka yi muna, muka ce komi ya wuce.

Wata shida wuyanta bai tsaya ba. Shekara ta cika ba ta zauna ba. Hannuwa a dunƙule, ƙafafu in an ɗaga ta sai su sarƙe kamar almakashi. Nan fa magana ta soma yawo a bakin rijiya. Wasu suka ce ɗiyar ruwa ce, aljanu sun yi musanya. Wasu suka ce uwar ta fita da tsakar rana tana da ciki. Ba wanda ya ce uban ne ya yi jinkirin neman babur.

Muka shiga neman magani. Wannan ya ba da hayaƙi, wancan ya ba da na wanka, wani ya ce sai baƙin bunsuru. Cikin shekara biyu shanu uku suka tafi. Ran da muka kora karsanar yarinyar kanta zuwa kara, wani dillali da muka daɗe tare ya tambayi dalili. Da ya ji, sai ya kama igiya ya maida muna a hannu. Ya ce shi ba ya cin la'adar wannan saniya, mu tafi asibitin birni tukuna, kuɗin mota yana wuyansa. Yana cikin taron nan, ba mu faɗin sunansa, Allah ya san shi.

A asibiti wani lokotoro ya zaunar da mu ya yi muna bayani da Hausa. Ga abin da muka riƙe, ku ma ku riƙe. Ciwon ba a ƙafa yake ba, ba a hannu ba, a ƙwaƙwalwa yake, wurin da ke ba gaɓɓai umurni. In jariri ya rasa numfashi wajen haihuwa, ko aka haife shi bakwaini, ko shawara mai tsanani ta kama shi a kwanakin farko, ko sanƙarau, ko zazzaɓin sauro mai sa suma, wurin nan yana iya samun tabo. A takardar asibiti sukan rubuta haruffa uku, IMC. Cikin haihuwa dubu ana samun yaro biyu ko uku haka. Ba a ɗaukarsa wajen wani, ba laifin nonon uwa ba ne. Tabon ba ya ƙaruwa, amma kuma ba ya gogewa. Ya ce muna ƙiri-ƙiri: duk wanda ya ce ku kawo saniya ya tashe ta ta yi tafiya, saniyar yake so.

Wallahi ranar mun ji haushinsa. Mun je neman allura, ya sallame mu da magana. Sai daga baya muka gane maganar ce ta tsayar da zubar garke.

Abin da ya rage shi ne reno, kuma reno aiki ne na kullum. Mu fara da ci, don nan haɗari ya fi yawa. Irin waɗannan yara haɗiya tana yi musu wuya. In an kwantar da su aka yi musu ɗura yadda aka saba, kunu yana bin hanyar numfashi, sai tari, sai ciwon haƙarƙari, kuma shi ke kashe da yawansu. Dole a zaunar da yaro, a tallafe kansa ya ɗan sunkuyo gaba, a ba shi kaɗan-kaɗan. Abu mai kauri ya fi mai ruwa sauƙin haɗiya. Mu Allah ya ba mu abin da mutanen birni ke saye da tsada: kindirmo, da man shanu a cikin kunu. Sai dai abin da ɗan uwanta ke shanyewa kafin a kwance maraƙi daga dangwali, ita sai an yi kusan awa guda ana ba ta. Sau huɗu ko biyar a wuni. Ku lissafa da kanku.

Sai kwanciya. Yaron da ba ya juyawa, in an bar shi gefe guda bisa tabarma, fata tana mutuwa a ƙugu da duwawu, gyambo ya buɗe. Ana juya shi bayan awa biyu ko uku, ana duba jikinsa yadda muke duba bayan jaki in an sauke kaya. Gaɓɓai kuma, in ba a miƙe su a hankali safe da yamma, suna ƙagewa har su ƙi buɗuwa. Masu aikin motsa gaɓɓai, waɗanda ake ce ma kine, su suka nuna muna yadda ake yi, ba da ƙarfi ba, ba a ja. Wasu yaran suna da farfaɗiya bisa ga wannan. Tamu tana da ita. Akwai ƙwayar da ake sha kullum, kuma ba a yanke ta don an ga sauƙi. In ta tashi a kwantar da yaro a gefensa, kada a sa masa komi a baki, kuma a nisanta shimfiɗarsa da murhu. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta miyau, wannan tsohon zance ne.

Kujera kuwa ba mu saya ba. Tsohon turmi ne da ya tsage, masassaƙi ya yanke masa gefe guda, aka cusa tsumma, aka ɗaura zani a ƙirjinta. Ranar da ta fara zama ciki ta ga garke yana dawowa da yamma, dariyar da ta yi ba mu taɓa jin irinta ba. Shekara uku tana kallon sama da rufin bukka. Ashe ta san komi. Ta san kukan saniyarta cikin shanu arba'in. In tana so ta ɗaga ido, in ba ta so ta kau da kai. Don yaro ba ya magana kada ku ɗauka ba ya ji, ku yi hattara da abin da kuke faɗi a kansa.

Yanzu ga inda muke so a saurara da kyau. Mutumin gari mai irin wannan ɗa yana da ɗaki guda da inuwa guda. Mu gidanmu a bayan jaki yake. In damina ta sauka aka nufi Abalak ko Ingal wajen lasar gishiri, wa ke ɗaukar yarinya? Uwarta. Ta goya ta tana da shekara biyu, ta goya ta tana da huɗu, ƙafafunta suna dukan bayan gwiwarta. Ga tatsa, ga daka, ga kafa bukka, ga ɗiban ruwa. Tallan nono ya tsaya, don ba mai riƙe mata, kuma kun san kuɗin nono shi ne ɗan abin hannun mace. Biki ba ta zuwa, gaisuwar mutuwa ba ta zuwa. In an tashi ƙaura ita ce ta ƙarshe, wani lokaci sai bayan magariba take iso masauki. Yayar yarinyar, da muka sa lakwal da ƙyar, sai da aka cire ta shekara guda don ta taya.

Mu kuwa maza muna gaba da sanda a kafaɗa. Mun faɗi gaskiya gaban Allah: shekara uku ba mu ɗauki yarinyar nan ko sau ɗaya ba. Ba ƙiyayya ba ce. Muna cewa kunya ce, muna cewa aikin mata ne.

To ku tuna 2010. Wanda bai ga 1984 da wayo ba ya ga wannan. Saniya ta kwanta ta kasa tashi, mu huɗu muke zuwa da asuba, a sa itace ƙarƙashinta, ɗaya ya kama wutsiya, a ɗaga ta. Gobe a sake. Mun sayi dusa da kuɗin da ba mu da shi. Maraƙin da aka haifa bisa hanya, a wuya muke saɓa shi, babu wanda ya taɓa jin kunyar haka. Kuma kowane garso ya san ba a auna zango da ƙafar bajimi, da ƙafar raunanan bisashe ake auna shi. Mun san wannan ilimi sarai, ba mu dai kai shi cikin bukka ba. Wata tsohuwa cikin danginmu ce ta faɗa muna haka a fuska, ran da uwar yarinya ta kwanta da ciwon baya ta kasa tashi.

Tun daga nan aka sake tsari. An ware jaki guda mai sanyin hali, aka yi masa mangala da matashi gefe-gefe, yaro guda yana riƙe da akala. Miƙa gaɓɓai na safe ya dawo hannunmu kafin a saki shanu. Yayarta ta koma lakwal. Bara mun raba gida, samari suka yi arewa da garke, aka bar shanun tatsa biyu kusa da Dakwaro inda ake samun ƙwayar farfaɗiya. Ba mu ce kowa ya yi haka ba. Rabuwar tana da nata ciwo, kuma nonon saniya biyu ba ya riƙe gida.

Wasu abubuwan ana iya tare su tun ba su zo ba. Naƙudar da ta wuce awa 12, a tashi, kada a jira. Jaririn da idonsa ya yi rawaya cikin kwanakin farko, a kai shi ranar, kada a jira suna. Dattawa sun tuna sanƙarau na 1995 da 1996, da yaran da ya bari kurame ko shanyayyu. Allurar rigakafin da aka soma a Nijar da Mali da Burkina cikin 2010 ta karya irin wanda ya yi waccan ɓarna, amma akwai wasu ire-irensa, don haka in masu allura sun zo kada a ɓoye yara. Shan inna ma rigakafi ne ya kore ta, har aka shaida cikin 2020 cewa asalin ƙwayar ta ƙare a Afirka, ko da yake ɗigon bakin bai ƙare ba. Tun 2006 gwamnati ta ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne. Mun san sau da yawa a kan tarar magani ya yanke sai an saya, amma duba yaron haƙƙinku ne. Kuma ba kowace naƙasa ce irin ta ɗiyarmu ba: murɗaɗɗiyar ƙafa da tsagaggen leɓe ana gyara su, musamman in an kai da wuri. Asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai cikin 2010 irin aikinsa ke nan.

Kowa a nan ya san ranar 2 ga Maris 1993, ranar da aka sa hannu bisa dokar karkara da muke kafa hujja da ita kan burtali da rijiyoyi. A wannan rana ɗaya aka sa hannu bisa dokar kare naƙasassu. Ta farko mun haddace ta, ta biyu ko tambayarta ba mu taɓa yi ba.

Roƙonmu ba na kuɗi ba ne. Muna da haɓɓanaye: mutum ya ba ɗan uwansa aron karsana har ta haihu sau uku, ƴaƴan su zama nasa, uwar ta koma. Gidan da ke da irin wannan yaro, a fara da shi. In babu karsana, jaki ma ya isa, ko wuni guda da wata za ta riƙe yaro uwar ta je kasuwa. Ku fatake, motocinku suna zuwa Maraɗi da Yamai kowane mako, gaban mota ba ya rasa wurin mace guda da goyonta. Ku dillalai, in kun ga mutum ya kawo saniyar tatsa da damina yana gaggawa, ku tambaye shi lafiya kafin ku tambaye shi nawa.

Abin da ke hana mu barci shi ne bayanmu. Ɗiyarmu ba za ta yi kiwo ba, mai yiwuwa ba za ta yi aure ba. Karsanar nan da dillali ya maido, yanzu ita da zuriyarta sun zama biyar. Mun kira arɗo da liman da ƴan uwanta maza, aka shaida shanunta ne, duk wanda ya riƙe ta shi ke shan nononsu, ba a sayarwa sai don ita. Liman ya ƙara da cewa naƙasa ba ta rage ma kowa gadonsa a shari'a. Wanda ke da irin wannan yaro ya yi haka tun yana da rai, gaban shaidu.

Sakatare yana bakin rumfa da littafi. Wanda ke da yaro irin wannan a rugarsa, ko ya san inda yake, ya tsaya ya faɗi wurin da shekarun yaron, ba sai ya faɗi suna ba. Masassaƙin da ya yi muna kujera ya ce a kawo masa tsofaffin turame ran kasuwa.