Da Wane Mudu Za A Auna Hayaƙin Gonakin Duniya?

Dattawanmu, sarakunan Hausawa da sauran 'yan'uwa mazauna Sabon Ibadan, Agege, Shagamu da sauran garuruwan Kudu, ina gaishe ku da sunan Allah. Yawancinmu mun baro gona a gida, kuma daga guminmu ake sayen takin da ake zuba mata. Saboda haka maganar da zan yi yau ta shafe mu.

Masana sun tabbatar cewa noman hatsi yana fitar da iska iri uku masu ƙara wa duniya zafi. Ta farko ita ce kabon, wadda ke tashi idan an sare daji ko an ƙone shi. Ta biyu ita ce mitan, wadda ke fita daga gonar shinkafa idan ruwa ya kwanta mata, ciyawa tana ruɓewa a ƙarƙashin taɓo. A tsawon shekara 100, ƙarfinta wajen riƙe zafi ya ninka na kabon kusan sau 28. Ta uku kuwa daga takin zamani take fitowa, ƙarfinta ya haura ninki 250.

To, wace ƙasa ce ta fi laifi? Amsar tana ga mudun da aka ɗauka.

In jimla za a duba, Sin da Indiya ne kan gaba, domin su biyu ke noma kimanin rabin shinkafar duniya, galibinta cikin ruwa. Amma fa su ne kuma ke ciyar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na 'yan Adam. In kuwa hekta za a duba, manomin Sin yana zuba taki fiye da kilo 300, alhali a yawancin ƙasashen Afirka ko kilo 50 ɗin da shugabanni suka yi alkawari a Abuja a 2006 ba a kai ba. Ta wannan fuska hannunmu da sauƙi, balle gero da dawa ba sa bukatar ruwa ya kwanta musu.

Sai dai akwai mudu na uku, watau hayaƙin da ke bayan kowane buhu. A nan ne ba za mu yi alfahari ba. Hekta ɗaya ta masara a Amurka tana ba da tan 10 ko fiye, tamu kuwa tana kewayen tan 2. Wanda gonarsa ba ta yin albarka, dole ya ƙara sare daji, kuma kowace bishiya da ta faɗi hayaƙi ce.

A taron Glasgow na 2021 Nijeriya ta shiga alkawarin rage mitan a duniya da kashi 30 cikin 100 kafin 2030. Sin da Indiya ba su sa hannu ba. Shinkafar Kebbi da ta Kura da Kadawa kuwa noman ruwa ce, ita muke ci a nan Legas. Hanyar gyara ba ta da tsada. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta koyar da cewa a bar ruwa ya janye har santimita 15 ƙasa da fuskar gona kafin a sake ba da wani. Mitan na raguwa ƙwarai, kuɗin man injin ban-ruwa ma haka.

Don haka, in za ku aika kuɗin taki bana, ku haɗa da saƙo uku: a binne taki a gindin shuka kada a watsa shi, a daina cinna wa karmami wuta, a riƙa shayar da shinkafa da lissafi. Wakilanmu kuma, duk inda aka zauna rabon laifi, su fara tambayar mudun da za a yi awo da shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.