Jawabin Buɗe Asusun Karatu da Karrama Ɗaliban Jami'a a Sabo, Ibadan

Mai girma Sarki, Allah ya ja zamaninka. Liman da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Masu gida, iyaye mata, da ku 'ya'yanmu da muka taru dominku, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Tun daga shekarar 1916 da aka yanka wa kakanninmu wannan fili daura da Mokola, suka kafa sana'ar goro da shanu, suka gina zauruka da makarantun allo, Allah ya hukunta cewa jami'ar farko a ƙasar nan a maƙwabtanmu za ta sauka. Domin sa'ad da Turawa, bisa shawarar kwamitin Elliot, suka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 da ɗalibai 104 a tsohon asibitin soja na Eleyele, kafin ta tare a mazauninta na yanzu, Bakano da Basakkwace sai sun yi doguwar tafiya a jirgin ƙasa kafin su ga ƙofarta, mu kuwa daga Mokola mu bi ta Sango mun isa. Duk da wannan kusanci, mun daɗe ba mu shiga ba. Ba don jahilci ba ne, gama a zaurukan nan an karanta Risala da Muhtasar da Ishiriniya, an raya dare da wazifa; amma iyayenmu sun ga boko a hannun wanda ba su amince masa ba, suka ja da baya, kuma ba zan tsaya a nan in zarge su ba. Abin da ya faru dai shi ne, wani masani, Abner Cohen, ya zauna cikinmu a farkon shekarun 1960, ya wallafa littafi a kanmu a 1969, har ɗaliban Ingila da Amurka suka riƙa nazarin masu gidan Sabo, alhali jikokin masu gidan ba su ko san hanyar ɗakin karatun da littafin yake ba.

Yanzu ga shi Allah ya nuna mana ranar da 'ya'yanmu maza da mata suke zaune gabanmu da shahadar digiri, sai ya wajaba mu sa baki cikin muhawarar da ake yi a kan gyaran ilmi mai zurfi, domin ta shafe mu kai tsaye. Muhawarar tsohuwa ce. Tun rahoton kwamitin Ashby na 1960, wanda a bayansa aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1962, mas'alar ɗaya ce ake jujjuyawa: wa zai ɗauki nauyin jami'a, kuma ɗan wa zai shige ta? Hukuma na cewa aljihunta ba zai iya shi kaɗai ba. Ƙungiyar malaman jami'a, wato ASUU, ta yi shekaru tana cewa a cika alkawarin da aka sa wa hannu a 2009. A tsakanin waɗannan hujjoji biyu aka rufe jami'o'in gwamnati wata tara a 2020, aka sake rufe su wata takwas a 2022. Masu rubuta manufofi suna lissafin wannan asara da watanni, amma mu a nan mun gan ta da fuskokinta: yaron da ya gaji da zaman jira ya shiga layin 'yan canji, ya ɗanɗana kuɗin yini, bai sake waiwayar littafi ba; yarinyar da saura shekara guda ta gama, manemi ya matsa, iyaye suka ce ba a san ranar komawa ba, aka ɗaura aure, karatu ya tsaya nan.

Game da dokar bai wa ɗalibai rance, wadda aka sa wa hannu a 2023 aka sabunta ta a 2024, ra'ayina shi ne kada mu guje ta, tun da bashi ne marar ruwa, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Sai dai rance ba ya gina ɗakin gwaji, ba ya hana malami ƙaura zuwa ƙasar waje, kuma idan ya zama hujjar ninka kuɗin makaranta, to an ba talaka da dama an karɓe da hagu.

Akwai kuma mas'alar da ban ji ana ɗaga ta a Abuja ba, ita ce kuwa ta fi ci mini rai. A ƙa'idar ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 na jihohin da aka ce suna baya a ilmi. Niyyar mai kyau ce, amma duk an rataye ta a kan takardar shaidar asali, wadda ɗan Sabo ba shi da inda zai kama ta da sauƙi. An haife shi a Ibadan, nan aka binne kakansa, Yarabanci a bakinsa kamar Hausa, amma sau da yawa ba a lissafa shi ɗan Jihar Oyo. Idan kuma ya ɗauki jaka ya nufi wata ƙaramar hukuma a Kano ko Katsina, garin da bai taɓa kwana ba, sai a tambaye shi gidan wa, wane mai unguwa ya san shi. Ina roƙon shugabanninmu da wakilanmu, da 'yan'uwanmu Yarabawa da muka yi shekara ɗari muna cuɗanya da su, su tsaya a kan cewa wanda aka haifa a wuri, ya yi karatu a wurin, iyayensa suna biyan haraji a wurin, a ba shi haƙƙin ɗan wuri wajen shiga jami'a da samun tallafin karatu.

Kafin hukuma ta ji wannan kira, ga abin da ke hannunmu. Masu gidan dā suna karɓar garken shanu daga hannun Bafillace ko bafatake, su sayar wa mahautan gari bashi, ba takarda ba sa hannu, su tsaya lamuni da mutuncinsu har a biya. Da wannan amana aka gina Sabo, da ita kuma muke buɗe wannan asusu a yau. Za a rubuta kowace gudummawa a littafi, a karanta lissafi a bainar jama'a bayan kowace Sallah, a fara da marayu da 'yan mata, kuma kada a bar ɗalibin Islamiyya a baya don kawai da Larabci ya fara. Ku kuwa da kuka kammala, abin da muke nema gare ku shi ne kowane ɗayanku ya riƙe ƙane ko ƙanwa guda, ya zauna da shi kan darasin jarrabawar shiga jami'a ta JAMB, ya raka shi har ƙofar rajista.

Da izinin mai girma Sarki, ina bayyana buɗe wannan asusu, ina kuma roƙon Liman ya sa mana albarka da addu'a.