Ɗaurin Talala da Gwajin Ƙwaya: Abin da Aka Gwada a Hawayi



An umarce mu da mu yi tsokaci a kan shaye-shaye. Girman matsalar ba ɓoyayye ba ne: binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar a 2018, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun sha wata ƙwaya a cikin shekara guda. Saboda haka za mu tsaya a kan gaɓa ɗaya tak. Yaron da ƙwaya ta kai shi ga satar waya ko akuya, kotu kuma ta same shi da laifi, yaya za a yi da shi?

Akwai hanyar da ake kira ɗaurin talala, wato alƙali ya bar mai laifi ya koma gida a kan sharuɗɗa, jami'i yana sa masa ido. Amurka ta daɗe tana amfani da ita, kuma ta ga rauninta. Jami'i ɗaya yakan riƙe mutane fiye da ɗari. Ranar gwajin fitsari sananniya ce tun da wuri, sai mashayi ya ɗaga ƙafa na 'yan kwanaki ya tsallake. In ma an kama shi, sai a yi masa faɗa a sallame shi, yau da gobe, har laifi ya taru, sannan rana ɗaya a soke talalar a tura shi kurkuku shekara 5 ko 10. Kowane uba a nan ya san irin wannan tarbiyya: a yi ta kawar da kai, ranar da rai ya ɓaci kuma a yi dukan kawo wuƙa.

A shekarar 2004 wani alƙali a Honolulu, babban birnin jihar Hawayi, mai suna Steven Alm, ya sauya salo da wani shiri da aka sa wa suna HOPE. Ya fara da mutum talatin da 'yan kai. Yakan tara su a kotu ya gargaɗe su baki da baki cewa daga yau duk saɓa sharaɗi yana da sakamako. Kowa aka ba shi launi. Kullum da safe a ranakun aiki sai ya buga waya, in an ambaci launinsa, dole ya kai kansa gwaji a ranar. Da farko gwajin yakan kai sau shida a wata, yana raguwa gwargwadon yadda mutum ya kama kansa.

Hikimar tana cikin matakan horon. Wanda gwaji ya tona, amma ya zo da ƙafarsa ya amsa laifi, kwana biyu ko uku zai yi a tsare, ya koma bakin aikinsa. Wanda ya yi gardama har sai da ɗakin bincike ya tabbatar, nasa ya fi yawa. Wanda ya gudu kuwa, za a nemo shi, kuma shi ne zai fi daɗewa. Ana gurfanar da mutum cikin 'yan kwanaki, tun bai manta abin da ya yi ba. Wanda ya yi ta faɗuwa duk da haka, an gane ke nan abin ya fi ƙarfinsa, sai a tura shi wurin magani. Ta haka gadajen asibiti, waɗanda ba su da yawa, suka tafi ga masu buƙatarsu da gaske.

A 2009 masana biyu, Angela Hawken da Mark Kleiman, suka fitar da sakamakon bincike a kan mutum kusan 500 da aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Cikin shekara guda, kama 'yan shirin da sabon laifi ya ragu da kashi 55 cikin 100 in aka kwatanta da sauran, faɗuwa gwajin ƙwaya kuma da kashi 72.

To amma kada mu yi saurin tafi. Gwamnatin Amurka ta sa an kwaikwayi shirin a jihohi huɗu, ciki har da Teksas da Oregon, kuma sakamakon da ya fito a 2016 bai nuna ya fi talalar da aka saba ba wajen hana sake aikata laifi. Har yau masana suna muhawara a kan dalili. A namu ganin, shiri irin wannan kamar tuwo ne, ba garin kaɗai ba, har da hannun mai tuƙi. Sai an sami alƙalin da ya san kowa da sunansa, da 'yan sandan da za su nemo wanda ya gudu a makon, da kuɗin gwaji da ba ya yankewa.

Ina ruwanmu da Hawayi? Dokarmu ta riga ta buɗe ƙofar. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta tanadi ɗaurin talala da aikin al'umma, dokar gidajen gyaran hali ta 2019 kuma ta kafa sashen hukuncin da ba na tsarewa ba. Sai dai akwai abubuwa da za su iya karya gwiwar shirin a wajenmu. Gwajin fitsari na yau da kullum yana kama kodin da wiwi, amma turamol sai an sayi nasa na musamman, sholisho kuwa ba ya fitowa a cikinsa. Wiwi yakan daɗe makonni a jikin wanda ya saba, har a hukunta yaron da ya riga ya daina in ba a yi hattara ba. Mafi muni, wajen kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yarinmu masu jiran shari'a ne. A irin wannan cunkoso, wa zai tabbatar mana cewa kwana biyu ba za su zama wata biyu ba?

Don haka muna ganin matakan farko a wajenmu kada su zama tsarewa. A fara da ƙara yawan gwaji, da kai rahoto kullum wurin jami'i da sanin mai unguwa, sannan sharar kasuwa ko yasar kwata na wasu kwanaki, a ajiye ɗakin tsarewa ga wanda ya gudu. Muna roƙon lauyoyi da likitoci da ke cikinmu su zauna da alƙalin majistare na yankinmu, su binciko mana jami'an talala nawa aka turo, da kuma nawa gwaji ɗaya yake ci, su kawo mana bayani a zama mai zuwa.