Jawabi Ga Makiyaya Da Fataken Shanu A Kan Matanmu A Wuraren Yaƙi



Maganar yau tana da nauyin faɗi, sai ku gafarce mu. Tun rikicin Afirka ta Tsakiya na 2013 da 2014, sa'ad da makiyaya suka rasa shanunsu suka gudo gabashin Kamaru da kudancin Cadi, muke ganin wannan al'amari. 'Yan bindiga su yi wa mace fyaɗe a daji, ciki ya shiga, kunya ta hana ta faɗa. Sai ta sha jiƙon saiwoyi ko ƙwayoyin kasuwa barkatai, ko wata tsohuwa ta sa mata tsinke. Daga nan sai zubar jini, ko mahaifa ta huje, ko ragowar cikin ta ruɓe, dafin ya bi jini. Ga hanya a toshe, ga ma'aikatan asibiti sun gudu.

Hukuncin zubar da ciki mun bar wa malamai. Mu dai rai muke magana a kai. In mace tana zubar da jini ba tsayawa, ko zazzaɓi, ko ruwa mai wari, a ɗora ta a babur zuwa asibiti nan take, ban da tambaye-tambaye. Saniya ma in haihuwa ta gagare ta, ai ba mu jiran gari ya waye.

Wadda kuwa aka yi wa fyaɗe, a kai ta kafin kwana 3. Akwai maganin kariya daga ƙanjamau, da wanda ke hana cikin shiga tun farko. Iyayenmu mata, ku za ta iya gaya wa. Ku raka ta.