Talauci a Duniya da Rabon Malamin Firamare a Yaƙi da Shi



An nemi in yi tsokaci kan talauci a duniya, kuma na san wasu za su ce me za a faɗa wa malamin firamare game da talauci wanda bai sani ba. Gaskiya ne mun san ɗacinsa. Amma akwai labarin da ba a cika ba mu ba: talauci yana ja da baya, kuma an ga haka a zamaninmu.

Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a shekarar 1990 kusan mutum biliyan 2, wato fiye da kashi ɗaya cikin uku na al'ummar duniya, suna cikin matsanancin talauci. Zuwa 2019 adadin ya sauko ƙasa da miliyan 700, duk da cewa jama'a sun ƙaru ƙwarai. Kaso mafi tsoka na wannan nasara daga ƙasar Sin ya fito, inda kimanin mutum miliyan 800 suka fita daga ƙangin fatara cikin shekara 40. Tun daga 1978 aka sakar wa manomansu mara, kowane gida ya noma ya sayar da rarar amfaninsa, sannan masana'antu suka biyo baya. Sai dai masana'anta ba ta ɗaukar wanda bai iya karanta umarnin inji ba. Shi ya sa a 1986 suka kafa dokar tilasta karatun shekara tara ga kowane yaro.

Ƙasar Barazil kuwa ta bi wata hanya. A 2003 ta fara shirin Bolsa Família, inda ake bai wa iyalai matalauta tallafin kuɗi, galibi a hannun uwa, bisa sharaɗin yara su riƙa zuwa makaranta, a kuma yi musu rigakafi. A Indiya, kotun ƙoli ce ta ba da umarni a 2001 cewa a riƙa dafa wa ɗaliban firamaren gwamnati abincin rana. Hanyoyin sun bambanta, amma dukansu ta ƙofar aji suka bi.

To, ina aka kwana? A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 2030 a matsayin wa'adin kawar da matsanancin talauci. Annobar korona ta 2020 ta mayar da hannun agogo baya, yaƙe-yaƙe da tsadar abinci da fari da ambaliya suka ƙara dagula lissafi. Yau kusan kashi biyu cikin uku na masu fama da matsanancin talauci a Afirka kudu da Sahara suke. A nan gida, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a 2022 cewa 'yan Nijeriya miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki da dama: ilimi, lafiya, ruwan sha da muhalli.

Ga inda maganar ta shafe mu kai tsaye. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya nuna cewa a yankinmu na Afirka, kusan yara tara cikin goma masu shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Ashe cika rajista da sunaye ba shi ne ilimi ba. Yaron da ya gama aji shida bai iya karatu ba, gadon talaucin ubansa aka miƙa masa, da takardar shaida a hannu.

Saboda haka ina kira ga wannan reshe da abu biyu. Na farko, mu ci gaba da neman haƙƙinmu ba tare da jin kunya ba: albashi a kan kari, ƙarin girma, littattafai da ajin da bai fi ƙarfin malami ba. Malamin da yunwa ke ci ba zai kori yunwa daga gidan wani ba. Na biyu, kowannenmu ya ɗauki alkawari: kafin ƙarshen zangon nan, ya zauna da ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya, ya san wanda ya iya karatu da wanda bai iya ba, ya ware wa na baya lokaci, ya fara da su da harshen da suke ji. Ku kuma iyaye, ku tambayi yaro abin da ya karanta yau, ya karanta muku.

Allah ya sa albarka a allinmu, ya yaye mana talauci, mu da zuriyarmu. Wassalamu alaikum.